Alpha Phi Alpha: tambayoyi da amsoshi kan ƙungiyar 'yan uwantaka ta ɗalibai baƙaƙen fata ta farko da ta bazu a jami'o'in Amurka

Wai wace irin ƙungiya ce wannan, kuma me ya kawo haruffan Girka a sunanta?

Ƙungiyar 'yan uwantaka ce ta ɗalibai maza a jami'a. A Amurka al'ada ce tsohuwa, ɗalibai su haɗu su kafa ƙungiya su sa mata suna da haruffan Girka biyu ko uku, su yi rantsuwar riƙe juna har mutuwa, wasu ma har gida suke da shi a kusa da makaranta inda mambobi ke kwana suna ci tare. Abin ya faro tun 1776 da Phi Beta Kappa a kwalejin William and Mary da ke jihar Virginia. To ita Alpha Phi Alpha abin da ya bambanta ta shi ne ita ce ta farko da ɗalibai baƙaƙen fata suka kafa wa kansu ta kuma bazu zuwa jami'o'i daban-daban. An kafa ta ran 4 ga Disamba 1906 a jami'ar Cornell, garin Ithaca, jihar New York.

Me ya sa ba su shiga ƙungiyoyin da suka tarar ba kawai?

Ai ba a ba su dama ba. A lokacin ƙungiyoyin fararen fata ba sa karɓar baƙaƙe sam, kuma abin takaicin shi ne wasu daga cikin yaran nan a gidajen waɗannan ƙungiyoyin suke aikin kai abinci tebur don su samu na biyan kuɗin makaranta. Wato da rana kuna aji ɗaya da mutum, da daddare kai ne mai ɗauke masa faranti. Ga Ithaca gari ne mai sanyin tsiya, baƙaƙe 'yan ƙalilan, ɗalibi zai zo shekara ɗaya kaɗaici da wariya su ishe shi ya tafi bai dawo ba. Shi ya sa da farko ma ba ƙungiyar 'yan uwantaka ba ce, zaman karatu da hira ne suka fara a shekarar karatu ta 1905 zuwa 1906 ƙarƙashin wani babban ɗalibi Charles Cardoza Poindexter. Da samarin suka matsa sai an mayar da ita cikakkiyar ƙungiya mai haruffan Girka, shi Poindexter bai yarda ba, ya janye.

Mutum bakwai ake lissafawa a matsayin waɗanda suka kafa ta, mambobi na ce musu Lu'ulu'u Bakwai: Henry Arthur Callis, Charles Henry Chapman, Eugene Kinckle Jones, George Biddle Kelley, Nathaniel Allison Murray, Robert Harold Ogle da Vertner Woodson Tandy. Callis ya zama likita, Tandy ya zama baƙar fata na farko da aka yi wa rajistar zanen gine-gine a jihar New York, shi kuma Jones ya daɗe yana jan ragamar National Urban League, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙe a birane.

Yaya rassan suka yaɗu, kuma ya ake raɗa musu suna?

Da sauri ƙwarai. Na Cornell shi ne reshen Alpha. A 1907 aka buɗe Beta a jami'ar Howard da ke Washington, sai Gamma a Virginia Union a Richmond duk a wannan shekarar, 1908 suka tsallaka Kanada suka buɗe Delta a jami'ar Toronto, 1909 Epsilon a jami'ar Michigan. Haka ake bin haruffan Girka ɗaya bayan ɗaya, da suka ƙare sai aka koma haɗa biyu-biyu. Harafi ɗaya ne ba a ba wa kowace makaranta ba, Omega, harafin ƙarshe. Wannan na mamata ne, idan mamba ya rasu sai su ce ya shiga reshen Omega.

Amma ni a ganina shekarar da ta fi muhimmanci a tarihin rassan nan ita ce 1911, lokacin da aka buɗe reshen tsofaffin ɗalibai na farko, Alpha Lambda, a garin Louisville na jihar Kentucky. Daga nan duk reshen waɗanda suka gama makaranta sunansa da Lambda yake ƙarewa. Dalilin da ya sa na ce haka, ɗalibi shekara huɗu zai yi ya wuce, ba shi da kuɗi ba shi da ofis, amma da aka ce likita da lauya da malamin makaranta da fasto su ma suna da reshensu a cikin gari, suna biyan kuɗin ƙungiya suna taro duk wata, sai abin ya tashi daga harkar yara ya zama wata hanya da baƙaƙe masu ilimi a garuruwa daban-daban ke sanin juna suna tura wa juna aiki da kuɗi da labari. A 1914 suka fara buga mujallarsu The Sphinx, har yau tana fitowa. Yanzu rassan sun kai ɗaruruwa, har da na wajen Amurka irin na Monrovia a Laberiya, hedikwata kuma tana Baltimore.

Ban da taro da sa riga baƙa da ruwan zinari, me suka tsinana?

Nan ne labarin yake. Tun wajen 1920 suna da shirin zagaya coci-coci da makarantu suna kiran yara baƙaƙe su gama sakandare su wuce jami'a, a shekarun 1930 kuma suka ɗauko gangamin rajistar zaɓe da taken cewa al'ummar da ba ta da ƙuri'a ba ta da makoma, a daidai lokacin da jihohin kudu ke hana baƙaƙe zaɓe da harajin ƙuri'a da jarrabawar karatu ta mugunta.

Sai kuma kotu. Charles Hamilton Houston, wanda ya tsara dabarar rusa dokokin wariya a makarantu, ɗan Alpha ne. Ɗalibinsa Thurgood Marshall ma haka, a jami'ar Lincoln ta Pennsylvania ya shiga, shi ne ya yi nasara a shari'ar Brown da ta haramta wariya a makarantun gwamnati a 1954, daga baya ya zama baƙar fata na farko a kujerar alƙalin Kotun Ƙolin Amurka a 1967. Kuma ba lauyoyin kaɗai ba, har masu shigar da ƙarar. Heman Sweatt mai raba wasiƙu ne a garin Houston, jami'ar Texas ta hana shi karatun lauya a 1946 saboda launin fatarsa, jihar ta yi sauri ta buɗe wa baƙaƙe wata 'yar makarantar lauya a ɗakunan ƙasan wani gini a Austin wai ga tasu nan, ya ƙi zuwa, ya yi ta shari'a har Kotun Ƙoli ta ba shi gaskiya a 1950.

Wanda ya fi taɓa min zuciya shi ne Lloyd Gaines. Ya kai jami'ar Missouri ƙara kan irin wannan hanin, ya ci nasara a Kotun Ƙoli a Disamban 1938. Watanni kaɗan bayan nan, a Maris 1939, yana zaune a gidan ƙungiyar Alpha a Chicago, ya fita da yamma ya ce zai je sayen kan sarki. Daga ranar ba a sake ganinsa ba, ko gawa ba a samu ba. Saurayi ne bai kai talatin ba, ya buɗe wa wasu ƙofa shi ko ajin bai taka ba.

Da gaske Martin Luther King ɗan ƙungiyar ne?

Ƙwarai. A 1952 ya shiga ta reshen Sigma yana karatun digirin digirgir a Boston. Kuma katafaren mutum-mutuminsa na dutse da aka ƙaddamar a Washington a 2011, 'yan Alpha ne suka faro maganar suka yi shekaru suna bin majalisa da tara kuɗi. Marubuci W.E.B. Du Bois, mawaƙi Paul Robeson, ɗan tsere Jesse Owens da ɗan siyasa Andrew Young duk nasu ne. Tun 1945 suka cire sharaɗin launin fata, kowa na iya nema.

To wannan ba ita ce ƙungiyar asiri irin ta jami'o'in Najeriya ba?

Tambayar da kowa ke yi kenan kuma ba laifi a yi ta. Amsar a taƙaice a'a. Alpha tana da rajista da hukuma, jami'a ta san da reshen, an san shugabanninsa da sunansu, mutum na sa rigarsa ya fito tsakar rana, kuma sai makinka ya kai wani mataki za a ɗauke ka. Suna da sirrinsu na rantsuwa da gaisuwa, amma ba su da yaƙin bindiga da adda da wata ƙungiya.

Sai dai fa mu tuna ta Najeriya ma ba da kisa ta fara ba. Pyrates da Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa a kwalejin jami'a ta Ibadan a 1952, manufarsu yaƙi da ƙabilanci da girman kan 'ya'yan masu hali ne. Daga baya aka yi ta ɓallewa, Buccaneers a farkon shekarun 1970, Black Axe a Benin a 1977, makamai suka shigo, 'yan siyasa suka samu 'yan daba a arha, har aka kai ga abin da ya faru a jami'ar Obafemi Awolowo ta Ife ran 10 ga Yuli 1999 inda aka kashe ɗalibai biyar cikin dare.

Kenan ita Alpha ba ta da tabo?

Tana da shi, babba ma. Azabtar da sabbin shiga. Duka da katako, hana barci, wulaƙanci na makonni wai don a gwada juriyarka. A 1989 wani ɗalibi ɗan shekara 18 mai ciwon zuciya ya mutu a kwalejin Morehouse a Atlanta wajen irin wannan horon na shiga Alpha. A 1990 ita da sauran manyan ƙungiyoyin baƙaƙe suka soke tsohon tsarin gaba ɗaya suka kawo na cike fom da darussa da tantancewa. Amma abin bai mutu ba, ya koma ɓoye ne, har yau ana dakatar da rassa ana zuwa kotu, saboda akwai samarin da ke ganin wanda bai sha duka ba bai cika ɗan ƙungiya ba. Wallahi wannan tunanin yana ban haushi. Kakanninsu sun kafa ƙungiyar ne don yaro baƙi kada ya bar makaranta saboda wulaƙanci, yanzu kuma ɗan uwansa ne zai kwantar da shi a asibiti. Ba wani uzuri da zan karɓa a kan wannan.

Akwai shugabannin Afirka da suka shiga irin waɗannan ƙungiyoyin?

Akwai, amma shahararrun biyun da muka fi sani ba Alpha suka shiga ba. Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah duk sun yi karatu a jami'ar Lincoln, makarantar su Thurgood Marshall, kuma dukansu 'yan Phi Beta Sigma ne, wadda aka kafa a Howard a 1914. Ita da Alpha suna cikin ƙungiyoyi tara na baƙaƙen Amurka, biyar na maza huɗu na mata, da ke ƙarƙashin majalisa ɗaya da aka kafa a Howard a 1930. Ta matan ta farko ita ce Alpha Kappa Alpha ta 1908, wadda tsohuwar mataimakiyar shugaban Amurka Kamala Harris ta shiga lokacin tana ɗaliba a Howard.