Sukar gwamnati ba laifi ba ne a dokar Najeriya

A ƙauyukanmu na Jigawa, da zarar matashi ya kira gidan rediyo ya ce rijiyar burtsatsen garinsu ta shekara ba ruwa, sai ka ji dattawa a majalisa suna cewa, "Kai yaro, rufa mana asiri, za a ɗaure ka." Mun daɗe da ɗaukar cewa doka ta hana talaka taɓa mai mulki. Wannan tsoro gadon zamanin Turawa da mulkin soja ne, kuma yana ci mini rai.

Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, manomi ne ko ɗan boko. Tun 1983 ma Kotun Ɗaukaka Ƙara a Enugu ta wanke Arthur Nwankwo, wanda aka yanke wa hukuncin ɗauri saboda ya caccaki gwamnan Anambra na wancan lokaci, Jim Nwobodo, a rubuce. Kotun ta ce dokar hana tunzura jama'a da Turawa suka bari ta saɓa wa tsarin mulkin wancan lokaci. A 2022 kuma kotun ECOWAS ta ce rufe Twitter da gwamnatin tarayya ta yi ya saɓa doka.

Amma akwai iyaka. Ka ce ba a gyara hanya ba, haƙƙinka ne. Ka ce kansila ya sace kuɗin hanyar alhali ba ka da hujja, wannan ɓata suna ne, kuma dokar hukunta laifuka ta Arewa, wato Penal Code, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 2.