Targaɗe a filin rawa: gashi da tausa ba na ranar farko ba ne

Idan lokacin bukukuwa ya kama a zangunan Kumasi, daga Aboabo har Asawase, mai rawa yakan yi kwana uku a jere yana cashewa. Da ƙafa ta gurɗe sai ka ji an ce: “A kawo ruwan zafi da man zafi, a murza, ya koma fili.” Haka muka taso muka tarar, kuma masu faɗa tausayi ne ke sa su.

Sai dai targaɗe yagewa ce a jijiyoyin da ke riƙe gaɓa, jini kuma na tsattsafowa a ciki. Zafi yana buɗe hanyoyin jini, murza tana ƙara fama ciwon, shi ya sa da safe idon sawu ke sumtuma har takalmi ya ƙi shiga. A kwana 2 zuwa 3 na farko sanyi ake so. Fiya wata mai ƙanƙara ma ta isa: a naɗe ta a tsumma, a ɗora minti 15 zuwa 20, a ɗaure da bandeji ba tamau ba, a ɗaga ƙafar kan matashi. Gashi yana da ranarsa, bayan kumburi ya saɓe.

Kana iya dubawa da kanka. Kwatanta ƙafar da ’yar’uwarta, sannan ka gwada taku huɗu. In ka kasa, ko ka danna kan ƙashin idon sawu ka ji zafi, asibiti za a nufa a ɗauki hoto, don karaya kan ɓoye a bayan targaɗe.

Don Allah a tura wa ’yan rawa da makaɗan unguwa.