Lambar ciwon tsoka a takardar neman biya: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaitawa

Masu koyon aikin sanya wa cututtuka lamba a fayil ɗin marasa lafiya suna yawan aiko mini da tambayoyi iri ɗaya game da ciwon tsoka, shi ya sa na tattara amsoshin a nan domin a daina sake tambaya.

Wace ce lambar ciwon tsoka?

M79.1 ce a ICD-10, kundin lambobin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya. Duk wanda ya buɗe kundin zai gan ta.

Na rubuta M79.1, amma kamfanin inshora a Amurka ya dawo da takardar. Me ya sa?

Saboda ba ku sabunta littafinku ba. Amurka tana aiki da nata kundin, ICD-10-CM, tun ranar 1 ga Oktoba 2015, kuma daga 1 ga Oktoba 2018 aka raba wannan lamba gida huɗu: M79.11 ga tsokar tauna, M79.12 ga tsokokin kai da wuya, M79.18 ga sauran sassan jiki kamar kafaɗa ko cinya, sai M79.10 idan likita bai ambaci wurin ba. M79.1 ita kaɗai ba ta cika ba a can. Ina kuma gargaɗinku game da M79.10, domin da yawa suna rungumarta don gudun karanta fayil, alhali likita ya rubuta wurin ciwon ƙarara a layi na biyu.

Zan iya zaɓar lambar da ta fi kawo kuɗi idan ta yi kusa da abin da likita ya rubuta?

A'a. Wannan zamba ce, kuma cutar da kuka ƙaƙaba wa mara lafiya za ta zauna a fayil ɗinsa shekara da shekaru.

Likita ya rubuta ciwon tsoka, ya kuma rubuta faibromayaljiya. In sa duka biyun?

Kada ku haɗa su. Faibromayaljiya, wato cutar da ke kawo ciwo mai daɗewa a sassan jiki da yawa, tana da tata lamba, M79.7, kumburin tsoka kuma yana ƙarƙashin M60, kuma kundin Amurka ya hana a haɗa ɗayansu da lambar ciwon tsoka.

Mara lafiya ya zo da ciwon jiki da zazzaɓi, likita ya rubuta cewa yana zaton zazzaɓin cizon sauro ne, sakamakon gwajin jini bai fito ba. Me zan rubuta?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a tsaya a kanta, kuma amsarta ta danganta da abubuwa da dama. Da farko a duba ko an kwantar da shi ko kuwa an duba shi ne ya koma gida. A ƙa'idar Amurka, wanda aka duba ya tafi ba a sanya masa lambar cutar da ake zato kawai, sai dai a rubuta alamomin da aka tabbatar, wato ciwon tsoka da zazzaɓi. Wanda aka kwantar kuwa, idan har lokacin sallama likita yana rubuta cewa mai yiwuwa cuta kaza ce, galibi ana sanya lambarta tamkar an tabbatar, ban da wasu cututtuka ƙalilan irin su HIV waɗanda dole sai likita ya tabbatar da su.

Idan sakamakon ya fito kafin a aika takardar, likita ya rubuta cewa zazzaɓin cizon sauro ne, to lambar ciwon tsoka ta faɗi, domin alamar da ta saba rakiyar cuta ba a ba ta lamba ta daban. Amma ku lura da kyau: ganin takardar gwaji a maƙale cikin fayil ba ya ba ma'aikacin lamba ikon yanke hukunci. Sai likita ya rubuta da hannunsa. Idan bai rubuta ba, a mayar masa da fayil a tambaye shi, ko da zai ɓata rai.

Akwai kuma inda lamarin yake juyawa. Dattijon da ke shan maganin rage kitsen jini na rukunin sitatin yana iya zuwa da ciwon cinyoyi, kuma idan likita ya danganta ciwon da maganin, a kundin Amurka ana fara sa lambar ciwon, sannan a bi ta da T46.6X5A mai nuna illar maganin da aka sha yadda ya kamata. Idan ya kira shi cutar tsoka da magani ya haddasa, G72.0 ce za ta zo a gaba. Masu aiki a asibitocin Najeriya, inda ciwon jiki da zazzaɓi suke cika layin ganin likita kullum, su sani cewa waɗannan ƙa'idoji na Amurka ne, kuma yana yiwuwa kamfanin inshorar da suke hulɗa da shi yana da nasa tsarin, don haka a nemi wannan tsari a rubuce kafin a ɗauka cewa ɗaya ne.

Ɗan dako ya ɗaga buhu, tsokar ƙugunsa ta motsa. Ciwon tsoka ne?

Idan likita ya rubuta rauni, to sashen raunuka za a je, misali S39.012A a kundin Amurka a zuwan farko. Idan ciwon ƙasan baya kawai ya rubuta, M54.5 ce a kundin duniya, ita ma an raba ta a Amurka a Oktoban 2021.

An yi wa mutum allura biyar a ƙullin tsokar kafaɗa. Sau biyar zan nemi biya?

Tsoka ake ƙirgawa, ba allura ba. A Amurka, lambar aikin allura 20552 ta tsoka ɗaya ce ko biyu, 20553 kuma ta uku ko fiye, kuma ɗaya daga cikinsu ake sawa sau ɗaya a zama guda. Dole sunayen tsokokin su fito a rubutun likita.

An ce sabon kundin duniya, ICD-11, ya fito. Shin abin da na koya ya tashi a banza?

Ku kwantar da hankalinku. Ya fara aiki a Janairun 2022, amma kowace ƙasa tana komawa kansa ne a lokacin da ta shirya, kuma takardun neman biya a Amurka suna nan kan ICD-10-CM. Ku ci gaba da kundin da mai biyanku ya amince da shi, ku riƙa duba sabon bugu duk watan Oktoba.