Taunshif a Amurka: na safiyo da na mulki

Taunshif yanki ne na ƙasa da bai kai gunduma (kawunti) girma ba. A Amurka kalmar na nufin abubuwa biyu da ake yawan rikitawa: na safiyo, wanda ma'aunin fili ne kawai, da na mulki, wanda ƙaramar hukuma ce mai zaɓaɓɓun jami'ai.

Taunshif na safiyo ya samo asali daga dokar filaye ta 1785, kuma a gabashin Ohayo aka fara awon ƙarƙashin Thomas Hutchins. Kowanne murabba'i ne mai mil 6 tsawo da mil 6 faɗi, an yanka shi sashe 36. Kowane sashe eka 640 ne, wato kimanin hekta 259. Lamba ta 1 tana kusurwar arewa maso gabas. A ƙirga zuwa yamma har 6, a sauko layi na biyu a juyo gabas, haka dai kamar huɗar shanu, har a tsaya kan 36 a kudu maso gabas. An keɓe sashe na 16 don kuɗin makarantu. Rubu'in sashe, eka 160, shi ne rabon da dokar 1862 ta ba mai son ya zauna ya noma.

Ana gane wuri da layuka biyu: na tushe, mai tafiya gabas da yamma, da babban layin arewa da kudu. Idan takardar fili ta ce T2N R3W, ana nufin jeri na biyu arewa da layin tushe, na uku yamma da babban layin.

Matsalar ita ce duniya ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Layukan da suka nufi arewa suna matsowa kusa da juna, don haka ake sa layin gyara duk bayan mil 24, ana kuma tura ragi ko ƙari zuwa sassan gefen arewa da yamma. Shi ya sa wasu sassan ba su cika eka 640 ba, kuma shi ya sa titin karkara a Ayowa ko Kansas yakan yi wata 'yar karkata ba zato. Tsofaffin masu awo da sarƙa mai ƙafa 66 suka yi aiki, kuskure bai rasa ba, amma inda suka kafa alama nan ne iyaka a doka.

Taunshif na mulki kuwa yana cikin jihohi kusan 20. Aikinsa ya danganta da jiha: gyaran hanyoyin ƙauye, maƙabartu, kashe gobara, tallafa wa marasa ƙarfi. A Indiyana akwai amintacce guda da majalisar mutum uku. A tsakiyar ƙasar iyakarsa takan bi ta safiyo, sai dai kogi ko gari kan lanƙwasa ta. A Fensilbeniya da Niyu Jasi, inda ba a yi wannan awon ba, siffarsa ba ta da tsari. Mai duba takardar fili ya bi lambobin safiyo, domin sunan taunshif ɗaya yakan maimaitu a gundumomi da yawa na jiha guda.