Tauraron dan Adam ba ya kallon gidanka kai tsaye

Jama'a sun dade suna cewa wai tauraron dan Adam na ganin komai a take, har kajin tsakar gida, don haka idan ambaliya ta ci garuruwan Kusiri ko Yagwa a Kamaru masu agaji sun riga sun san asarar kowa. Ba haka ba ne wallahi.

Tauraron da ke daukar irin wannan hoto wucewa yake yi, ba tsayawa ba. Sentinel-2 na Turai sai kusan kwana 5 yake sake daukar wuri daya, kuma digo daya a hotonsa fadin mita 10 ne a kasa, to ina zai ga buhun gero da ya jike a rumbu? Ga gajimare da damina, shi ya sa ake komawa Sentinel-1 mai na'urar radar wanda yake ratsa gajimare ko da dare.

A ambaliyar 2022 da kogunan Logon da Shari suka cika suka shiga unguwannin Njamena, taswirar UNOSAT, cibiyar tauraron dan Adam ta Majalisar Dinkin Duniya, ta nuna inda ruwa ya kwanta, amma wa ya rasa daki, wa ke kwana a makaranta, sai ma'aikata sun shiga kwalekwale sun yi kidaya tare da masu unguwanni. Hoton Google Maps kuwa, yawanci tsoho ne.