Gishirin Maganiziyam a Wurin Aiki: Abin da Dokar Amurka Ta Ɗora wa Mai Kamfani

Maganiziyam kulorayid wani gishiri ne da ake tacewa daga ruwan tafkuna masu gishiri, irin su Babban Tafkin Gishiri na jihar Yuta a Amurka da Tekun Gishiri na Gabas ta Tsakiya. A Amurka ana zuba shi kan tituna don hana ƙanƙara daskarewa, ana kuma yayyafa shi a hanyoyin ƙasa don kwantar da ƙura. Da yake ba ya kama wuta, kuma ba guba ce mai kisa nan take ba, ma'aikata kan yi masa riƙon sakainar kashi. A nan matsalar take.

Hukumar OSHA mai kula da lafiyar ma'aikata a Amurka, wadda dokar kare lafiyar ma'aikata ta 1970 ta kafa, ta fitar da ƙa'idar sanar da haɗarin sinadarai a 1983, ta kuma daidaita ta da tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya na rarraba sinadarai da gargaɗi a kansu a 2012. Ƙa'idar ta wajabta wa mai kamfani ya manna suna da gargaɗi a jikin duk mazubin sinadari mai haɗari, ya horar da ma'aikata, ya kuma ajiye takardar bayanin kariya, wato SDS, inda kowa zai iya dubawa a lokacin aikinsa, ba a kulle cikin ofishin manaja ba. Takardar tana da sassa 16, kuma irin wannan tsarin ne ke biyo kayan da ake shigowa da su ƙasashenmu. Mai kula da sito ya fara da sashe na 7, domin shi ne ke bayanin ɗauka da ajiya.

Abin da ya fi muhimmanci a sani shi ne gishirin nan yana zuƙar danshi daga iska. Ka bar buhu a buɗe, da safe za ka tarar ya dunƙule, ko ma ya fara narkewa yana tsiyayar da ruwa mai santsi kamar an zubar da mai a kan siminti. Wannan ruwan ne ke kayar da mai ɗauke da kaya, shi ne kuma ke cin ƙafafun kanta da ƙarfen motar ɗaukar kaya da tsatsa. Dokar OSHA kan wuraren tafiya ta ce a riƙa tsabtace daɓe, a bar shi a bushe gwargwadon hali, don haka zubewar da aka ƙyale laifi ne ko da sinadarin ba guba ba ne. A ɗora buhuna kan katako, a ɗaure bakinsu, a nesanta su da yoyon rufi, a share wanda ya zube tun yana busasshe.

Ƙurarsa tana sa ido ja da ƙaiƙayin fata. Iyakar ƙura gama-gari a dokar ita ce miligiram 15 a kowace kubik mita ta iska, da miligiram 5 ga ƙananan ƙwayoyin da ke kaiwa huhu, a matsakaicin aikin awa 8. Tabarau na kariya da safar hannu ba su da tsada, kuma ban ga hujjar hana su ba. Idan ya shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa na mintoci.

Nau'in gishirin da ba shi da ruwa a jikinsa yana fitar da zafi idan aka jiƙa shi, saboda haka a zuba shi cikin ruwa kaɗan-kaɗan. Idan kuma gobara ta tashi a sito, zafi mai tsanani na sa shi fitar da hayaƙin haidurojin kulorayid mai ƙona maƙogwaro, kuma dole a sanar da 'yan kwana-kwana abin da ke ciki tun kafin su shiga.