Ingancin taron bidiyo ta intanet

Taron bidiyo shi ne ganawar mutum biyu ko fiye ta waya ko kwamfuta, kowa yana jin kowa yana kuma ganinsa nan take. Kamfanin AT&T ya nuna wayarsa mai hoto, Picturephone, a baje kolin duniya na birnin New York a 1964, amma tsada ta hana ta karɓuwa. Abin bai zama ruwan dare ba sai da intanet ta yi ƙarfi: Skype ta fito a 2003, Zoom da Slack a 2013, Microsoft Teams da Google Meet a 2017. Lokacin annobar korona, Zoom ta ce masu shiga tarukanta a kullum sun tashi daga miliyan 10 a Disambar 2019 zuwa miliyan 300 a Afrilun 2020.

Masana harkar sun daɗe da gane cewa mutane suna haƙuri da hoto mai dishi-dishi, amma da zarar murya ta fara yankewa ko ta makara, taro ya watse. Saboda haka manhaja mai kyau takan sadaukar da hoto don ta ceci murya.

Jinkiri

Ana auna jinkiri da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Ƙa'idar G.114 ta Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta ce in magana ta isa kunnen mai sauraro cikin milisakan 150, yawancin mutane ba za su lura da komai ba, in kuwa ta haura 400 hira ta lalace. Dalili shi ne, a hirar baka da baka tazarar da ke tsakanin shirun wani da amsar wani ba ta cika wuce milisakan 200 ba. Gaisuwa ma kaɗai ta isa misali. Wani ya ce "Ina kwana?", bai ji amsa ba, sai ya zarce da "Ina gajiya?" daidai lokacin da "Lafiya lau" ta iso. Duka biyun su yi shiru, kowa yana jiran ɗan'uwansa, sai kuma su sake farawa tare. A taron mutum goma wannan karon yakan sa masu kunya su kame bakinsu har a tashi.

Jinkirin taruwa yake yi kaɗan-kaɗan. Na'ura tana yanka murya gunduwa-gunduwa, galibi milisakan 20 kowace, ta matse ta, ta aika a ƙunshi. A cikin wayar gilashi ta fayiba saƙo yana cin kusan kilomita 200,000 a sakan, wato milisakan 5 ga kowace kilomita dubu. Mutum biyu suna iya zama a Kano, amma in babbar kwamfutar da ke haɗa taron, wadda ake kira saba, tana Turai, sai muryar ta gangara Legas, ta bi wayar ƙarƙashin teku, sannan ta dawo. Wayar MainOne kaɗai, daga Legas zuwa Fotugal, ta kai kilomita 7,000, don haka zuwa da dawowa sun cinye wajen milisakan 70 tun kafin a lissafa komai. Shi ya sa kamfanoni ke baza saba a nahiyoyi, manhaja kuma ta zaɓi mafi kusa. Tauraron ɗan'adam irin na da, mai nisan kilomita 35,786, yana ƙara kusan milisakan 240 a hawa da sauka guda, na Starlink kuwa, da ya fara aiki a Najeriya a 2023, nisansa wajen kilomita 550 ne.

Ba kuma lallai ƙunshin ya iso a jere ba: wani ya makara, wani ya riga na gabansa. Manhaja tana da ɗan rumbu inda take tara su na ɗan lokaci kafin ta kunna. In rumbun ya yi girma jinkiri ya ƙaru, in ya yi ƙanƙanta murya ta riƙa tsinkewa, don haka manhajojin zamani suna faɗaɗa shi suna tsuke shi gwargwadon halin netwok. Ƙunshin da ya ɓace gaba ɗaya ba a cika jiran a sake aiko shi ba, tunda kafin ya iso magana ta wuce. Tsarin matse murya na Opus, wanda aka tabbatar a 2012, yana iya saka ɗan kwafin gunduwar baya a cikin ta gaba, in kuma babu, na'ura ta ƙirƙiro sautin da zai cike gurbin. Muryar nan mai kama da ta mutum-mutumi alama ce ta cewa cikon ya yi yawa.

Amsa-kuwwa da hayaniya

Amsa-kuwwa tana faruwa ne in muryar da ta fito daga sifikar mutum ta sake shiga makirufonsa ta koma wa mai maganar. Abin lura a nan: wanda ke jin muryarsa tana dawowa ba shi ne mai matsalar ba, tana wajen wanda shi bai ji komai ba. Hanyar gano shi ita ce a kashe makirufon mahalarta ɗaya bayan ɗaya har kuwwar ta ɗauke. Manhaja tana da dabarar cire sautin sifika daga abin da makirufo ya ɗauka, amma dabarar takan gaza in an ƙure ƙarar sifika har tana karkarwa, ko in na'urori biyu a ɗaki guda sun shiga taro ɗaya, abin da ke jawo ƙarar nan mai huda kunne. Maganin na biyun shi ne na'ura guda kawai ta riƙe sauti, sauran su kashe makirufo da sifika duka. Iyafis mai waya, ko da mai araha ne, yana kashe matsalar daga tushe. Na Bluetooth yana da nasa aibun: da an buɗe makirufonsa sai ya koma tsarin kiran waya, sauti ya ragu, jinkiri kuma ya ɗan ƙaru.

Tace hayaniya ya fi sauƙi in ƙarar mai ɗorewa ce, kamar ta fanka ko janareta, domin manhaja tana koyonta ta cire. Carar zakara, kukan yaro da hon ɗin mota sun fi wuya, sai tacewar da aka horar da ƙirƙirarriyar basira. In aka tsananta tacewa kuma takan haɗiye farkon kalma da sautuka irin su s, sh da f. Kusanto da makirufo, kamar taƙi ɗaya daga baki, ya fi kowace tacewa amfani.

Hoto da cin data

Lissafin mai sauƙi ne: gudun megabit ɗaya a sakan daidai yake da cin data megabait 450 a awa. Hoto mai tsabta na 720p yana neman fiye da megabit ɗaya a kowane ɓangare, turawa da saukewa, don haka taron awa guda zai iya lashe kusan gigabait ɗaya ko fiye. Murya zalla a kilobit 64 a sakan ba ta kai megabait 30 a awa a ɓangare guda ba. Ga mai sayen data da kuɗin aljihunsa wannan bambanci ba ƙarami ba ne, kuma ya kamata kowace manhaja ta sa maɓallin rage cin data a fili maimakon ta binne shi a cikin saiti.

Yawancin manyan manhajoji suna sa kowace na'ura ta tura hotonta a girma biyu ko uku lokaci guda, saba kuma ta miƙa wa kowa wanda layinsa zai iya ɗauka. Ta haka mai raunin netwok ba ya jawo wa sauran dishi-dishi. Ɓangaren turawa ne ya fi saurin cikewa a layin waya. In wata manhaja tana loda hotuna a ɓoye, ƙunshin murya sai ya bi dogon layi a bayansu, jinkiri ya haura sakan guda alhali gwajin gudu yana nuna komai lafiya. Mataki na farko in taro ya fara sarƙewa shi ne a tsayar da lodi, sannan a kashe kyamara, sannan a daina karɓar hoton wasu. A Wi-Fi, zangon gigahaz 5 ya fi na 2.4 ƙarancin cunkoso, sai dai bango yana saurin raunana shi.

Haske ya fi tsadar kyamara muhimmanci. Taga ta kasance a gaban mutum, domin in tana bayansa kyamara za ta daidaita kanta da hasken, fuska ta koma inuwa. Hoton bango na bogi yana wahalar da na'ura, kuma waya in ta yi zafi, musamman tana caji a lokacin bazara, takan rage gudun kanta, hoto ya fara tsalle, baki da murya su rabu.

Tsarin manhaja da gajiyar mahalarta

Kowane ƙarin mataki kafin shiga taro yana zubar da mutane. Fasahar WebRTC, wadda Google ya buɗe wa kowa a 2011 aka kuma tabbatar da ita a 2021, ta sa ana iya shiga daga burauza ba tare da sauke komai ba. Shafin gwaji kafin shiga, inda mutum zai ga kansa ya ga alamar sauti tana motsi, yana rage "Kuna ji na?" da ke cinye mintunan farko. Bayan kutsen da aka riƙa yi wa taruka a 2020, Zoom ta mayar da lambar sirri da ɗakin jira tsarin asali.

A 2021 Jeremy Bailenson na Jami'ar Stanford ya kawo dalilai huɗu na gajiyar taron bidiyo: kallon ido da ido kurkusa na tsawon lokaci, ganin kai a allo kamar mai riƙe da madubi, zama wuri guda ba motsi, da wahalar karanta alamun jiki ta allo. Shawarwarinsa sun haɗa da ɓoye hoton kai, rage girman tagar taron, da hutun kyamara lokaci-lokaci. Manhajojin aiki tare kamar Slack da Teams suna rage nauyin ta wata fuskar: abin da saƙo, takardar da ake gyarawa tare ko gajeren faifan murya zai iya isarwa ba ya buƙatar a tara mutane. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin teku huɗu, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta yi rauni a ƙasashe da dama. A irin wannan hali rubutaccen saƙo yana jira ya wuce in layi ya samu, kiran bidiyo kuwa yankewa yake yi.